Hasken da Ya Biyo ta Ƙarƙashin Malafa

Idan ka ɗaga kai da sassafe ka hango mutum a kan rufi, lulluɓe tun daga kai har idon sawu, babu abin da ke waje sai bakin guduma, ba sai ka tambaya ba, Malafa ne. Sunan ya samo shi daga hular da ba ya rabuwa da ita, wata faffaɗar malafa mai ƙyalle a baya da ke sauka har kafaɗa. Sunansa na gaskiya kuwa, in ka cire mahaifiyarsa, da wuya ka sami mai tunawa da shi.

Malafa zabiya ne, kuma mai rufin kwano ne. Duk wanda ya ji waɗannan biyun a haɗe sai ya yi dariya, wai kamar a ce man shanu ya nemi aiki a gidan burodi. Fatar da rana ke dafawa cikin rabin sa'a, da idon da haske ke kashewa, a ce su za su yini a saman gini? Masu dariyar nan dai, in damina ta kawo kai, su ne ke sallama a ƙofar gidansa, domin rufin da Malafa ya buga ba ya yoyo.

Yana da tsarinsa, kuma babu mai ginin da ya isa ya sa shi ya sauya. Yakan hau tun gari bai gama wayewa ba. Da safe ya kama ɓangaren yamma na rufin, inda rana ba ta kai ga dukansa ba, da yamma ya koma ɓangaren gabas. Ƙarfe goma sha ɗaya na bugawa zai sauko, ko da kusa ɗaya ce ta rage masa. Daga nan har la'asar aikin ƙasa ne a inuwa: yankan katako, wasa zarto, ware kusoshi. Tun da idonsa ba ya hango nesa, bai taɓa yarda da shi ba. Kowane layin kusa sai ya ja igiya, ya bi ta da yatsa. Yakan ce, "Idona yana iya yi mini ƙarya, igiya ba ta iyawa." Masu ido lafiyayye na buga layi a karkace, nasa kuwa kamar an ja da rula.

Dogo, abokin aikinsa na shekara ashirin, baƙi wuluk da ke hawa rufi da singileti, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Ranka ya daɗe, sha ɗaya ta yi. A sauko kada a narke mana a kan kwanon mutane."

"Kai dai zauna," in ji Malafa yana saukowa daga tsani. "Abin da ya riga ya ƙone ba ya tsoron wuta."

Wanda bai sani ba zai ɗauka tsabar son jiki ne. Ba haka ba ne. Gani ga wane ne.

Su biyu ne zabiya a ɗakin mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Yayansa ya girme shi da shekara shida, leburan gini ne mai ƙarfi kamar doki, mai zuciya kuma. Shi Yaya bai yarda da hula ba. Yakan ce, "An riga ana nuna ni saboda fata, sai in ƙara musu da hula?" Ya fi son ya tuɓe riga kamar sauran leburori, rana ta gasa shi, fatar ta yi ja, ta saɓule, ta sake. Wata shekara wani ɗan ɓawo ya fito masa a ƙeya, ya ƙi warkewa. Yaya ya ɗaga kwalar riga ya rufe, ya yi shekara guda cur yana ɓoyewa, wai don kada hankalin Inna ya tashi. Ranar da abin ya fi ƙarfin kwala aka kai shi asibiti, likita ya duba, ya dubi Inna ya ce mata, "Kun makara." Bai kai shekara talatin a duniya ba.

Bayan rasuwar, Inna ta rantse ɗan da ya rage mata ba zai sake hawa rufi ba. Aka sama masa zaman shago. Wata huɗu ya yi yana auna sukari, ya rame, ya daina magana. Sana'ar mahaifinsa ce rufi, a kanta ya buɗe ido, hannunsa bai san komai ba sai guduma. Da Inna ta ga zaman inuwa ma kashe shi zai yi, sai ta kira shi ta gindaya masa sharaɗi biyu. Na farko, rana ba za ta ga fatarsa ba. Na biyu, kullum da yamma zai kawo mata wuyansa ta duba, kuma ko abu kamar kan allura ya fito masa, ba zai ɓoye mata ba. Ya ce ya yarda.

Shekara ashirin da shida ke nan ana haka. Da ya dawo daga aiki ya yi wanka, sai ya shiga ɗakin Inna, ya durƙusa a gaban kujerarta, ya sunkuyar da kai. Yanzu idonta ya yi rauni, da yatsu take gani. Ta shafa ƙeya, inda na Yaya ya fito, ta bi bayan kunnuwa, ta sauka kafaɗa. In ta gama sai ta ɗan doke shi a baya ta ce, "Tashi, yau ma ba ta samu ba." Rana take nufi. Mutum ya kusa hamsin, ya aurar da 'ya, amma haka zai durƙusa kamar ɗan yaye, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Sharaɗin farko kuwa matarsa ce ta riƙe shi. Tela ce, kuma Tela yake kiranta, tana da keken ɗinki a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ita ke ɗinka masa rigunan aiki da yadi mai kauri, ta sa wani ɗan maɗauki a bakin hannun riga da yake zura babban yatsa, don kada hannun ya zame in ya ɗaga guduma. Ita ta ƙara wa malafar ƙyallen baya, ta kuma shimfiɗa mata shuɗin yadi mai duhu ta ciki don idonsa ya huta. Akwai wani man kariya da yake karɓowa a asibiti, kullum da safe ya shafa a hanci, da leɓe, da kunnuwa, da bayan hannu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Malafa ya shafa ruwa ko'ina a jikinsa, amma gemun kansa ne bai shafa wa ba, don a saninsa rana daga sama take zuwa.

A bana aka ba su rufin wani katafaren ɗakin ajiyar kaya a bakin hanya. Aikin wata uku ne. Rufin faffaɗa ne, kusan a kwance yake, babu ɓangaren inuwa da za a bi. Mai ginin kuma ya sayo wani kwano sabon yayi, marar fenti, mai ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Malafa ya saba da kwano mai fenti ko mai dishi-dishi, amma kwano ai kwano ne. Ya ja igiyarsa, ya durƙusa, ya kama bugu.

A mako na uku ya fara jin raɗaɗi a ƙarƙashin haɓa. Ya ce igiyar malafa ce ke gurzarsa, Tela ta cire ta sa masa ta yadi mai laushi. Raɗaɗin bai tafi ba. A mako na shida, yana wanka, yatsansa ya taɓa wani wuri mai kaushi kamar an manna yashi. Ya ɓamɓare shi, bayan kwana uku abin ya dawo. Ya tsaya da soso a hannu har ruwan bokitin ya huce. Ba sai an gaya masa ba, ya taɓa ganin irinsa a ƙeyar wani.

A nan ne mutumin da ya yi shekara ashirin da shida bai karya alkawari ba ya yi abin da ya fi ƙi a duniya. Ya yi shiru. Tsoro ya kama shi, da kunya, da wani irin haushi: shi da ya rufe ko'ina, shi da ake wa dariya saboda rufewa, ta ina ta shigo? Da yamma ya shiga wurin Inna kamar kullum, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Sunkuyon da yake yi don a duba shi, shi ne ya zama murfin ciwon. Inna ta shafa ƙeya, ta bi kunnuwa, ta doke shi a baya.

"Tashi, yau ma ba ta samu ba."

Ya tashi yana jin kansa kamar ɓarawo. Haka aka yi har kwana goma sha biyu.

A rana ta goma sha biyu ya dawo da la'asar sakaliya, ya miƙa wa Tela malafar ba tare da ya dube ta ba, ya ce igiyar nan ma ba ta yi ba, a sake wata. Ta karɓa ta kife ta a cinya za ta warware ɗinki, sai ta tsaya. Ta jawo aljihun keken, ta lalubo ragowar shuɗin yadin da ta yi shimfiɗar da shi, ta kara su wuri ɗaya. Na aljihu shuɗi ne sosai. Na cikin malafar ya koɗe, ya koma kalar toka, musamman ta gaba.

"Baban yara, a kife kake ajiye hular nan a rana?"

"Ni? Hular da ba ta barin kaina?"

"To me ya ci mini yadi? Da hannuna na sa shi farkon shekara."

"Gumi ne."

"Gumi ba ya haka. Gumi zane yake bari, fari-fari a gefe. Ni da nake shanya kayan mutane kullum, na san cin rana in na gan shi. Wannan rana ce."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tela, rana a ƙarƙashin hula? Sai dai in ta fara fitowa daga ƙasa."

Ta tashi ta ɗauko farantin ƙarfe da take zuba maɓallai, ta juye su a kan tebur, ta fita bakin ƙofa inda sauran hasken yamma yake. Ta karkata farantin kaɗan. Haske ya yi tsalle ya shigo ɗakin, ya manne a silin, yana rawa a saman kansa.

"Wancan kwanon da ka ce kana ganin fuskarka a ciki," in ji ta, "awa nawa kake yi a durƙushe a kansa?"

Malafa ya bi hasken da kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yau ga mai rufi da kansa, tela ce ta nuna masa inda nasa ke zuba. Duk shekarun nan yana tsare sama, ashe abin da yake shimfiɗawa da hannunsa ne ke maido masa da ranar ta ƙasa.

Tela ta ajiye farantin, ta matso. "Ɗaga kanka in gani."

Ya ɗaga. Ta daɗe tana dubawa, ba ta taɓa ba. Da ta yi magana muryarta ta sauya.

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu da na gane." Ya yi sauri ya ƙara, "Gobe zan je asibiti, wallahi zan je. Amma Inna kada ta ji tukuna. Kin san jininta. Bari mu ji abin da likita zai ce, in abin alheri ne sai a gaya mata. Don ita nake yi."

Tela ta koma kan kujerar kekenta, ta fara tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa a faranti.

"Ban san Yaya ba," ta ce, "ban zo gidan nan ba sai bayansa. Amma kai ka gaya mini, shi ma don ita ya yi."

Ya so ya yi fushi, bai sami inda zai kama ba. Ya shiga ya yi wanka, ya daɗe fiye da kullum. Da ya fito ana shirin magariba, Inna na zaune a kujerarta ta roba a bakin gado, tana jiransa kamar yadda ta saba.

Ya durƙusa, ya sunkuya. Yatsunta suka bi ƙeya, suka bi bayan kunne na dama, na hagu, suka sauka kafaɗa. Ya ji ta ɗaga hannu za ta doke shi. Kafin hannun ya sauka ya kama shi, ya ɗago kansa sama, ya ɗora yatsunta a ƙarƙashin haɓarsa.

Yatsun suka tsaya cak. Suka ɗan zagaya wurin, suka dawo, suka sake zagayawa.

"Inna, ta samu," ya ce. "Ta ƙasa ta biyo."

Ya gaya mata komai, da kwanon, da yadin Tela, da farantin. Bai rage kwana ko ɗaya ba daga goma sha biyun. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma janye hannunta ba.

"Kwana goma sha biyu kana sunkuya mini, ina cewa ladabi ne."

"Ki yafe mini."

"Wancan shekara ya yi. Ni ma shekara ashirin da shida ina duba inda ta ci ɗan'uwanka, ban taɓa cewa ka ɗaga kai ba. Tashi ka ci abinci."

Washegari da ya fito, ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ta yafa mayafi, ta sa takalmin da ta yi shekara biyu ba ta sa ba, sandarta a hannu. Ya fara cewa ƙafarta, da layin asibiti, da hawan bene. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wancan ba a ba ni dama na raka shi da wuri ba," ta ce. "Samo mana mota."

Likitar fata wata matashiya ce mai tabarau. Ta duba da fitila, ta yi masa allura, ta yanke wurin gaba ɗaya da ɗan abin da ke kewaye da shi, ta ɗinke. Ta ce za a aika a gwada, su dawo bayan mako biyu, kuma kada ya hau rufi sai zare ya fita. Ta tambayi yadda rana ta kai wurin. Da ya ba ta labarin shuɗin yadin sai ta ajiye biro ta ce a gaishe mata da telar.

Mako biyun nan sun yi masa tsawo, amma bai zauna ba. Kullum yana wurin aiki a ƙasa, yana yanka katako a inuwa. Ya sa aka tara tsofaffin buhuna, duk inda mutum zai durƙusa a kan kwano sai a shimfiɗa buhu tukuna, a kashe ƙyallin. Tela kuma ta ƙara wa malafar wani ƙyalle ta gaba, da ke zagayo haɓa ya maƙale a kunne. Ranar da ya fara sa shi Dogo ya leƙo daga sama ya ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ga ɗan fashi.

"Don Allah kada ka harba, babu komai a aljihuna sai kusa!"

Kwana huɗu bayan nan Dogon ya raɓo gefensa yana sosa ƙeya, wai shi ba don fata ba, idonsa ne ke yaji da yamma, ko Tela za ta yi masa irin hular nan. Malafa ya ce zai tambaya, amma a sani ba a yi wa baƙin ƙarfe rangwame.

Ranar sakamako su uku suka je. Inna ta zauna a kujerar da ke gaban teburin, Malafa da Tela suka tsaya a bayanta. Hannunsa na kan kafaɗarta, yana jin numfashinta na fita da sauri.

Likita ta buɗe takarda ta karanta. Ta ce abin da ake tsoro ne ya fara, amma bai yi jijiya ba, iyakarsa saman fata, kuma an cire shi duka. Zai riƙa zuwa duk wata shida ana dubawa, ya shafa man har ƙarƙashin haɓa da wuya, ya koma aikinsa. Ta rufe takardar ta dubi tsohuwar.

"Mama, ku gode wa Allah. Kun zo da wuri."

Tela ta saki ajiyar zuciya. Malafa ya sunkuya zai ɗaga mahaifiyarsa su ba na baya wuri, amma Inna ba ta motsa ba. Ta damƙe sandarta da hannu biyu, ta karkato kunnenta wajen teburin, hawaye na bin kuncinta.

"'Yata," ta ce, "ba don ban ji ba. Sake faɗa mini."